Digiri na Biyu a Fannin Zane da Sana'ar Hannu

Tambaya: Malam, na kammala digirin farko a Yamai, ina kuma son zurfafa karatun zane da ƙirar kayan amfani. Me makarantun suke nema? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ƴar'uwa, a tsarin LMD (tsarin karatun jami'a mai matakai uku: digirin farko, na biyu da na uku), bayan shekara 3 na digirin farko, na biyu shekara 2 ne. Abin da malamai suka fi dubawa shi ne kundin ayyukanki, har fiye da maki. Shawarata, ki riƙa zuwa wurin dukawan cibiyar sana'ar hannu ta Wadata ko na gidan tarihin Boubou Hama a Yamai, ki zauna kusa da baduku yana yankan fata, ki zana jakar da yake yi tun daga awo har ɗinki, sannan ki ɗauki hoton kowane mataki, har da wanda ya ɓaci, domin a nan malaman za su ga yadda kike gyara kuskure.