Biyan ƙarin kuɗi don tsallake layi a wurin wasan yara, cin hanci ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Don Allah tambaya gareni. Muna shirin kai yara irin manyan wuraren wasan nan na Orlando da ke jihar Fulorida a Amurka a hutun ƙarshen shekara, toh maigida yace zai sai mana wani tikiti na daban bayan na shiga, wai idan kana dashi ba sai ka bi dogon layi ba, akwai wata ƙofa da zaka bi ka wuce mutane ka hau lilon, saboda ance lokacin mutane sunfi yawa ana iya yin awa biyu a tsaye akan abu ɗaya. Ni kuma raina bai kwanta ba, gani nake kamar cin hanci ne aka sake wa suna, ga kuma haƙƙin waɗanda suka riga mu zuwa. Mun ɗan yi musu akai har yace in tambaya. Meye hukuncinsa Malam?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdulillah, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Hajiya Allah ya miki albarka da wannan tsantseni, dan wlh ba kowa bane zuciyarsa ke tsayawa akan haƙƙin wanda yake layi, wasu ma gani suke wayo ne. Amma a wannan mas'alar maigida ne yake da gaskiya. Idan tikitin nan kamfanin ne da kansa yake sayarwa, farashinsa a bayyane, kuɗin kuma aljihun kamfanin yake shiga, toh halal ne, ciniki ne ba rashawa ba. Sai dai akwai wasu surori da suke kama da shi sosai waɗanda haramun ne, zan zo kansu, kiyi haƙuri ki karanta har ƙasa.

Bari mu fara sanin abin kafin a yanke masa hukunci. Kamfanin Disney, ɗaya daga cikin masu wuraren wasan nan, sun fito da tsarin da suka kira FastPass a 1999 kuma kyauta ne lokacin, ka ɗauki ɗan kati a rubuta maka lokacin da zaka dawo, ka tafi yawonka, in lokaci yayi ka shiga ta gajeren layi. A 2021 ne suka soke na kyautar suka kawo na kuɗi mai suna Genie+, wanda ya fara da dala 15 ga mutum ɗaya a rana a wurinsu na Fulorida, daga baya suka maida farashin yana hawa yana sauka gwargwadon cikar ranar, a 2024 kuma suka sake masa suna ya koma Lightning Lane, har suka ƙaro wani babba da a ranakun tsananin cika ya kai dala 449 kan mutum ɗaya, banda kuɗin shiga fa. Kamfanin Universal, masu wani wurin wasan a can, suma suna da nasu, Express Pass. Toh kinga ba wani abu bane da ake yi a ɓoye, a shafinsu yake, a jikin allunan wurin yake, ƙofa biyu ce a gaban lilon kowa yana gani.

Asali a ciniki halacci ne har sai dalili yazo ya hana. Allah yace "wa ahallallahul bai'a wa harramar riba", wato Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, a Baƙara aya ta 275, a Nisa'i aya ta 29 kuma ya hana cin dukiyar juna da ɓarna sai dai in kasuwanci ne bisa yardar juna. Abinda aka saya anan manfa'a ce sananniya, wato hawa lilon ba tare da dogon jira ba, a fiƙihu wannan babin ijara ne (haya, wato biyan kuɗi don amfanin abu), kamar wanda ya sai kujerar gaba a jirgin sama aka fara kiransa kafin sauran fasinjoji, ko wanda ya biya kuɗi mai yawa don saƙonsa ya isa gobe maimakon sati. Ban san wani malami da yace wannan rashawa bane.

Ita rashawa da Annabi (SAW) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa, kamar yadda yazo a hadisin Abdullahi ɗan Amr wajen Abu Dawud da Tirmizi, tana da siffarta. Kuɗi ne ake bawa wanda aka ɗora wa amana don ya karkata daga amanar, ya bada abinda ba nasa ba, ko ya danne haƙƙin wani. Ki duba da kyau, a rashawa mai karɓar ba shine mai abun ba. Alƙali ba shi ya mallaki hukunci ba, ma'aikaci ba shi ya mallaki ofis ba. Amma mai wurin wasa shi ya gina lilonsa da kuɗinsa, shi yake biyan ma'aikata da wuta, yana da damar yace wannan hidimar kaza ce waccan kaza ce.

Yanzu sai maganar haƙƙin waɗanda suka riga ku, kuma anan ne tambayar taki take da nauyi, bana son in wuce ta da sauri. Gaskiya ne shari'a ta san haƙƙin rigaye. Annabi (SAW) ya hana mutum ya tada wani daga mazauninsa shi ya zauna, Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar. Da aka ce a gina masa inuwa a Mina ƙi yayi, yace Mina masaukin wanda ya riga ne. Sannan hadisin Sahl ɗan Sa'ad, aka kawo wa Annabi (SAW) abin sha ya sha, a damansa yaro ne a hagunsa dattawa, sai da ya nemi izinin yaron kafin ya miƙa wa dattawan, yaron yace ba zai bar wa kowa rabonsa ba, Annabi (SAW) ya danƙa masa a hannu. Ki duba, ko yaro ƙarami ba'a tsallake shi ba sai da yardarsa. Kuma kar mu yaudari kanmu muce gajeren layin baya taɓa kowa, yana taɓawa. Lilon adadin mutanen da yake ɗauka a awa ɗaya baya ƙaruwa don an sai da tikitin gaggawa, kujerun nan dai sune, duk wanda aka shigar ta gajeriyar ƙofa toh wani a dogon layi ya ƙara jira kenan, shi yasa zaki ga layin nan yana tafiya kamar baya tafiya.

Toh me yasa duk da haka nace halal? Saboda haƙƙin rigaye yana aiki ne akan abinda yake na kowa da kowa, ko abinda mai shi ya sake shi haka ba sharaɗi. Mina ba mallakin wani bace, sahun farko a masallaci ba mallakin wani bane, haka ruwa da makiyaya da wuta da hadisi yace mutane sunyi tarayya a cikinsu. Amma wurin da yake mallakin wani, haƙƙin da kake dashi a ciki shine abinda yarjejeniyarka dashi ta baka, kamar yadda hadisi yace "almuslimuna ala shuruɗihim", wato musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla, kuma Allah yace "aufu bil uƙud", wato ku cika alkawura, a farkon Ma'ida. Wanda ya sai tikitin shiga kawai ya saya ne yana sane akwai layi biyu, ba'a taɓa yi masa alkawarin cewa duk wanda yazo bayansa zai hau bayansa ba, abinda aka masa alkawari shine gurbinsa a cikin nasa layin. Kinga babu wanda aka ƙwace wa abinda yake hannunsa. Da ace an sai wa mutane tikiti akan layi ɗaya ne, sai da suka shiga aka ɓullo da ƙofar masu kuɗi, da sai muce anci amanarsu, kuma laifin na mai wurin ne.

Sannan lilo ba larura bace. Wannan ma yana da tasiri a hukuncin, don kar wani ya ɗauki fatawar nan ya kaita inda ba'a aiketa ba. Layin ganin likita a asibitin gwamnati, layin rabon tallafi, layin shari'a a kotu, waɗannan haƙƙin jama'a ne kuma jinkiri a ciki zai iya cin rai ko dukiya, anan ƙa'idar "la darara wa la dirar" (babu cuta babu cutarwa) take tsayawa da ƙafarta. Wanda ya ƙara minti talatin kafin ya hau majaujawa an gajiyar dashi, eh, amma ba irin cutarwar da shari'a ke rushe ciniki saboda ita bace.

Hawan farashi lokacin hutu shima bai ɓata cinikin ba matuƙar kun san nawa ne kafin ku biya. A hadisin Anas da farashi ya tashi a Madina aka nemi Annabi (SAW) ya ƙayyade, bai yi ba, yace Allah ne mai sa farashi. Wani zai ce ai akwai garari, wato rashin tabbas a ciniki, tunda lilon zai iya lalacewa ko a rufe shi saboda hadari bayan ka biya. Wannan garari ne ɗan kaɗan da ciniki baya rabuwa da irinsa, malamai sun yafe shi, sai dai ku karanta sharuɗɗan kafin ku biya, musamman wane lilo ne yake ciki wane ne baya ciki, don akwai waɗanda sai an sake biya musu daban.

Ga surorin da nace haramun ne.

Ka je wajen yaron da aka sa tsaron ƙofa ka dunƙule masa wani abu a hannu ya buɗe maka igiya. Wannan ita ce rashawar da kike tsoro, ko da kuɗin bai kai rabin na tikitin ba, ko da an kira shi kyauta ko na shan ruwa. Shi amana aka bashi, ya sai da abinda ba nasa ba, ya ha'inci mai wurin ya kuma zalunci na layi duka a lokaci ɗaya. Ki tuna Ibnul Lutbiyya da aka tura karɓar zakka ya dawo yace wannan naku ne wannan kuma kyauta aka bani, Annabi (SAW) ya hau mimbari yace me ya hana shi zama a gidan babansa da mamansa ya gani ko za'a kawo masa kyautar.

Sai ƙaryar rashin lafiya, kuma wannan yafi ɓata min rai wlh. Wuraren nan suna da sauƙi da suke wa masu buƙata ta musamman waɗanda basa iya doguwar tsayuwa, sai ka ga mai lafiya garau ya ƙirƙiro wa ɗansa cuta don a bashi. Saboda irin wannan ha'incin ne Disney suka canza tsarinsu na naƙasassu a 2013, bayan labari ya fito cewa wasu masu hali suna hayar naƙasasshe ya rakasu don su dinga wuce layi, a 2024 kuma suka ƙara tsaurara shi. Wa ya kwana a ciki? Mai lalurar gaske. "Man gassha falaisa minni", wato wanda ya yi ha'inci baya tare dani, Muslim ya ruwaito, kuma hadisin bai ce sai idan musulmi ka ha'inta ba, kar wani yace ai kamfanin waɗanda ba musulmi bane.

Haka kutsen layi da ƙarfin hali, ko mutum ɗaya ya tsaya sai an kusa ƙofa mutum takwas su ɓullo suce dama tare muke, ko amfani da tikitin da aka ɗaure da sunan wani alhali dokar wurin ta hana. Uwa ta fita da yaro bayan gida ta dawo gurbinta wannan daban, kowa ya san da wannan kuma ana yafewa.

Abu na ƙarshe da zance ku duba shine aljihu, don abu yana iya zama halal a kansa amma ya zama israfi ga wani. Allah ya yabi bayinsa a Furƙan aya ta 67 da cewa idan suka ciyar basa wuce iyaka basa kuma ƙuntatawa. Ku lissafa da kyau tunda kan mutum ɗaya ake biya kuma kowace rana, iyali mai mutum shida ƙaramin farashin ma ya zama wani abu. Idan maigida yana da hali, ba bashi a kansa da lokacin biyansa yayi, ba haƙƙin wani da za'a tauye, ya ga gara ya biya da ya tsaida ƙananan yara awa biyu a rana suna kuka, babu laifi, in ma ya yi niyyar faranta wa iyali sai ya samu lada, ai Annabi (SAW) da kansa ya tsaya Nana A'isha tana kallon wasan Habashawa a bayansa har sai da ita ta gaji. Amma in da katin bashi mai ruwa za'a biya toh a'a, an shiga riba saboda lilo. In kuma kuɗin zai matse ku, ku isa ƙofa kafin a buɗe ku fara da lilon da aka fi rububi, da sassafe layin bai kai ya kawo ba.

Kuma ni a nawa ganin idan tikitin zai sa ku samu sararin fita kuyi sallah akan lokaci maimakon azahar ta wuce kuna maƙale a tsakiyar layi, wannan ma wani dalili ne da yake ƙara wa ra'ayin maigida ƙarfi. Idan kunzo wucewa ta gajeriyar ƙofar dai ki ja kunnen yaran kar su dinga yiwa na dogon layi gwalo ko dariya.

Wallahu a'alam.