Amsa: Shin ya halatta jama'a su kashe ɗan ta'adda da hannunsu?

Malam, ka tambaya ko akwai laifi idan mutanen gari suka kashe wanda suke zargi da ta'addanci, tunda hukuma ta gaza kare su. A ganina tambayar ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba.

Wanda aka kawo wa hari yana da haƙƙin kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. Shari'ar Musulunci ta yarda da haka, sashe na 33 na tsarin mulkin Najeriya ma bai hana ba. Saboda haka ba na ganin laifin mutanen Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Kebbi, waɗanda suka tunkari 'yan ƙungiyar ta'addanci ta Lakurawa a watan Nuwamban 2024 bayan an kore musu shanu.

Amma kama mutum a kasuwa ko a tasha, a yanke masa hukunci saboda kamanninsa ko harshensa, wannan kisa ne ba tare da shaida ba, kuma zartar da ƙisasi aikin alƙali ne da hukuma. Mu a Zamfara mun ga inda hakan ya kai mu: kashe-kashen da wasu 'yan sa-kai suka yi wa Fulani a kasuwanni sun ba 'yan bindiga hujjar ramuwar gayya, har aka kai ga kisan gillar ƙauyen 'Yar Galadima a 2014. Ko Askarawa, dakarun tsaron al'umma da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2024, wajibi ne su miƙa wanda suka kama ga kotu.