Keken caji na dubu 400 da na dubu 780: wane ne zai cuce ni?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne, ina zaune Badariya nan Birnin Kebbi, ina koyarwa ta wajen Kalgo, zuwa da dawowa kusan kilomita 30 kullum. Kuɗin kabu-kabu da mota na cinye min kusan dubu 2 a rana, wallahi albashi ba ya kai tsakiyar wata. Na shiga adashi, kwasata na zuwa ƙarshen wata mai kamawa, ina son in sayi keken caji in huta. Wani shago sun ce dubu 780, sabo cikin kwali, batir 48V 20Ah, garantin wata shida. Wani mutum kuma ya ce zai ba ni dubu 400, an rubuta 1000W jikinshi, ya ce caji ɗaya na kai kilomita 100, batirin haɗin gida ne, har ma ya cire wani "allo" da ke yanke wuta don keken ya ƙara ƙarfi. Hankalina a tashe yake, tsoro nake kar mai shago ya yanke ni, kuma kar in zubar da kuɗin da na yi shekara ina tarawa. Don Allah wane ne mai gaskiya cikinsu?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, kuɗin ba su fita hannunka ba tukuna, kuma ka yi daidai da ka tambaya kafin ka biya, don yawanci sai bayan abu ya lalace ake turo min keke bisa kura.

Tun farko in gaya maka, na dubu 400 ɗin nan kar ka saya. Ko dubu 200 ya dawo kar ka kai shi gidanka. Zan zo ga dalili, amma bari mu fara da tsadar da ke damunka.

Kekunan nan kusan duk daga Sin ake kawo su, da dala ake biya, kuma ka san abin da ya faru da naira tun da anka sake ta a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 2024. Sai kuɗin jirgin ruwa, sai kwastan a Legas, sai motar da za ta ɗauko shi har nan, kowa sai ya ɗora nashi. Ga kuma cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da ya sa kowa ya juyo ga abin caji, kaya kuwa in masu nema sun yi yawa ba ya araha. Akwai masu ce min ai ana haƙo dutsen litiyam a Libata ta ƙasar Ngaski, mi zai sa batir ya yi tsada a Kebbi. Dutse ake haƙowa Malam, ƙwayar batir a masana'antun waje ake yin ta, mu sayo ta da dala. Don haka tsada ita kaɗai ba ta nuna mai shago ɓarawo ne. Zai iya ɗora riba mai yawa, wannan kam sai ka zaga shago biyu uku, ka kira wanda ka sani Kano ko Sakkwato ya tambayo maka irin wanga keke da irin wanga batir, sannan ka taya.

Amma in za ka taya, batir za ka taya. Firam da taya da birki duk kusan abu ɗaya ne, batir shi ne mafi tsada a jikin keken kuma a nan ake cuta. Lissafin ba wuya, kai malami ne: 48 sau 20 ya ba ka 960, kusan yunit ɗaya na wuta kenan ake ɗurawa ciki. Keke irin wanga da babban mutum bisa, yana murɗa totur ba ya taka feda, yana cin wajen 20 daga cikin 960 ɗin nan a kowace kilomita, in akwai yashi ko goyo ko iskar hunturu ta taso maka gaba ya fi haka. Kilomita 30 ɗinka za ta ci wajen 600, ka dawo gida da saura, kuma sauran nan shi ke sa batir ya daɗe. To mai cewa kilomita 100 a caji ɗaya, yana nufin batirinshi ya ninka na shagon har da ƙari, kuma zai ba ka shi rabin kuɗi. Kai ma ka san araha ba ta ado.

Shi kuma 1000W ɗin, sitika ce, kowa na iya bugawa ya manna. A Sin ɗin da ake ƙera su dokar keken lantarki ta 2018 ta tsaida inji a 400W da gudun kilomita 25 a awa, Turai ma 250W sunka yarda, kuma da su mutane ke zuwa aiki kullum. In ma da gaske 1000W ne to saurin shanye cajin kawai zai yi.

Yanzu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, maganar allon nan da ya cire, wanda ake kira BMS, mai tsaron batir. Kusan kullum sai wani ya shigo shagona da wagga magana, wai BMS na cin caji, wai shi ke hana keke gudu, wai Turawa sunka sa shi don a riƙa sayen sabon batir da wuri. Ban san wanda ya fara yaɗa ta ba amma ta zagaye gari, har yaran da ba su gama koyon ɗaura waya ba sun buɗe teburi suna "buɗe wa batir ƙarfi" a ba su dubu 3. Wallahi raina na ɓaci duk sanda na ji ta.

Batirin 48V na litiyam jeri 13 ne na ƙwayoyi, kowane jeri iyakarshi 4.2V in ya cika, shi ya sa cajarshi ke tsayawa a 54.6V. Jerin nan ba su cika tare ba, wani na riga wani, kamar tuluna 13 ne ake ɗura wa ruwa da tiyo ɗaya. Aikin allon shi ne ya tsaya kan kowane jeri yana dubawa, wanda ya cika ya tsaida, wanda ya yi ƙasa sosai ya yanke wuta kafin ya mutu, in waya ta haɗu ko an ja wuta fiye da ƙima ya katse. To in ka ga yana yawan yankewa, gaya maka yake akwai jerin da ya lalace ciki. Mai gyaran da ya cire shi bai gyara komai ba, bakin mai ihu ya toshe ya bar ɓarawon cikin gida. Keken zai tashi da ƙarfi kwana biyu, mai shi ya yi ta murna yana yabon yaron, alhali duk dare akwai jerin da ake ɗura wa abin da ya fi ƙarfinshi.

Sai kuma a haɗa da ta biyu, wai caja caja ce in dai baki ya shiga. Cajar batirin dalma mai 48V tana kai wajen 58 zuwa 59V. Raba 59 gida 13 ka gani, sama da 4.5 kenan a kowane jeri, ga ba allo, ga zafin Afrilu na Birnin Kebbi da ke wuce digiri 40 ko a inuwa, ga keke cikin ɗakin kwano an jona shi ƙarfe 1 na dare don lokacin anka kawo wuta, kowa ya koma barci. Litiyam ba a son a yi mashi caji in zafinshi ya wuce wajen digiri 45 ko da komai nashi lafiya ne, balle wanga.

Kuma wutar litiyam ba irin wutar da ka sani ba ce. Ƙwaya ɗaya ke fara zafi ta fashe ta kunna ta kusa da ita, ita ma ta kunna ta gaba, cikin daƙiƙoƙi ɗaki ya cika da hayaƙi mai guba, ka zuba bokiti ta lafa ka juya baya ta sake tashi. A birnin New York na Amurka mutum 18 sunka mutu a 2023 sanadin gobarar irin waɗannan batura, har hukumar birnin ta hana sayar da keken da ba shi da shaidar gwajin lafiya. A Nanjing ta Sin, Fabrairun 2024, mutum 15 sunka rasu a gobarar da ta taso daga inda ake ajiye kekunan caji ƙasan wani bene. Can fa suna da 'yan kwana-kwana kusa da ruwa a famfo. Mu da yawancinmu ƙofa ɗaya gare mu, kuma a bakin ƙofar ko cikin zaure muke jingine keken, ta ina iyali za su fita?

Bara da bazara wani bawan Allah ya kawo min irin wanga batir na haɗin gida, ya ce ba ya riƙe caji. Da na yanke baƙar ledar da anka naɗe shi, ƙwayoyin ciki launi huɗu ne, shuɗi da kore da ruwan hoda da wasu da anka sake wa riga an rubuta 9900mAh. Babu ƙwayar 18650, wato irin ta cikin batirin laftof, mai ɗaukar caji haka a duniya, mafi kyawunsu wajen 3500 zuwa 4000 suke tsayawa. Tsofaffin ƙwayoyin batirin laftof ne anka tsinto daga bola, an haɗa su da dalmar walda irin ta masu gyaran rediyo, zafin ƙarfen ma kaɗai ya isa ya lahanta su, an ɗaure da salatif, inda allo ya kamata ya zauna kwalin sabulu ne anka cusa don kar ya yi motsi. Jeri biyu sun riga sun kumbura, akwai wani wari mai zaƙi-zaƙi da ke tashi. Na tambaye shi ina yake caji, ya ce ƙarƙashin gadon yara, don nan soket yake. Hannuna sai da ya yi rawa. Ban bar shi ya koma da shi ba, waje na fitar da shi na sa cikin yashi nesa da shago.

Kuma abin takaici kaya irin waɗannan a fili ake sayar da su, akwai hukumomin da aikinsu ne duba ingancin kaya da kare mai saye, amma talaka in an cuce shi bai ma san ƙofar da zai buga ba, kuma ba rasit hannunshi. Masu wanga haɗi, ku ji tsoron Allah. Kun san hadisin nan, Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa an rufe da busasshe, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Wancan fa abinci ne jiƙaƙƙe. Ku wuta kuke naɗewa cikin leda ku miƙa wa mai 'ya'ya, ku karɓi kuɗin adashinshi, ku yi alwala ku shiga sahun gaba. In kuna son sana'ar ku koye ta, haɗa batir ba haramun ba ne, ni ma ina haɗawa, amma da sabbin ƙwayoyi iri ɗaya daga kwali ɗaya, da injin ɗinke su da ba ya dafa ƙwaya, da allo, kuma in an yi shi haka ba ya zuwa rabin kuɗi.

To Malam, na shagon ma kar ka yarda da baki kawai. Ka ce a ciro batirin a ɗora bisa sikeli, ko na masu shinkafa ne ya isa. Litiyam 48V 20Ah na gaskiya yana kai kilo 5 zuwa 6, ko da ƙwayoyi mafi tsada anka yi shi ba ya kasa kilo 3 da rabi, in ka ga kilo 2 ka yi sallama ka fito. In kuma ka ga kilo 25 ko fiye, to na dalma ne guda huɗu, shi ba ya da haɗarin gobara irin na litiyam amma nauyi gare shi kuma zafin nan namu na saurin kashe shi, bai kamata a saida maka shi da kuɗin litiyam ba. In ka dace da wanda anka rubuta LiFePO4, wani irin litiyam ne, ya fi nauyi kaɗan amma ya fi jure zafi kuma ya fi daɗewa, ko da ƙarin kuɗi ni shi zan ɗauka. Ka duba bayan caja ka ga lambar da anka rubuta ta dace da batirin. Garantin nan na wata shida a rubuta shi cikin rasit, a rubuta ƙarara har da batir, don da yawa in ka dawo sai su ce ai na inji ne kawai. Ka tambayi kuɗin sabon batir tun yau, da inda ake samun kwantirola mai sarrafa wutar inji da tayar baya, in ya fara kame-kame ka san ranar da abu ya lalace kai kaɗai ne.

Game da ko za ka iya, dubu 2 a rana kwana 22 dubu 44 ne a wata, dubu 780 za ta dawo cikin kamar shekara ɗaya da rabi, caji kuwa yunit ɗaya da ɗan abu ne, ko a layin da ya fi tsada bai kai naira 300 ba. Sai dai ka riƙa ware ko dubu 8 duk wata a gefe don batir, tunda dole wata rana ya gaji. In kwasar ba ta kai ba ka jira wata biyu ka cika, ko ka nemi mai shago ya raba maka biya biyu. In ka samu na hannu mai lafiyayyen firam da inji shi ma hanya ce, ka saye shi a kuɗin keke marar batir ka sa sabo.

Ranar da ka kawo shi gida, ka bar shi ya huce awa ɗaya kafin ka jona, caji a tsakar gida ƙarƙashin rumfa nesa da ƙofa da katifa, kana farke, ya cika ka zare. In makarantarku na da sola ka roƙi hedimasta ka riƙa yi da safe a inuwa. Kafin ka biya kuma ka ɗauki hoton takardar da ke jikin batirin da ta bayan cajar da abin da sikeli ya nuna ka turo min, zan duba maka in sha Allah.