Ku Tambayi Mai Hoto: Wace Kyamara Ce Ta Dace da Aikina?

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyin wannan wata kusan duk a kan sayen kyamara suka zo. Na tsinci huɗu, na amsa su daga abin da hannuna ya saba da shi a nan Katsina.

TAMBAYA: Malam, na gama makaranta ina so in fara ɗaukar hoton biki. Wani ya ce in sayi DSLR, wani ya ce zamaninta ya wuce, sai marar madubi. Abokina kuma ya ce wayarsa mai megafiksel 108 ta fi su duka. Wa zan bi? (Wani matashi, Ƙofar Marusa)

AMSA: Ƙanena, bari mu fara sallamar abokinka. Yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, shi ne abin da masu talla suka fi ɗagawa, kuma shi ne abin da ya fi ƙarancin amfani gare ka. Hoton da muke wankewa a saka a albam, mai inci 4 da 6, megafiksel 2 da ɗan ɗoriya ya ishe shi ya fito tar. Wanda za a sa a firem mai girman takardar A4 bai wuce 9 ba. Wayar nan mai 108 ma, idan ba ka shiga ka canza mata ba, tana haɗe ɗigo tara su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai megafiksel 12.

Abin da za ka duba shi ne girman sansa, wato farantin da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kai. Idan ana ruwan sama, wanda ya tara baho da wanda ya tara kofin shayi ba za su tashi da ruwa ɗaya ba. Cikakkiyar sansa tana da milimita 36 da 24, girman tsohon fim ke nan. Matsakaiciya, wadda ake kira APS-C, wajen milimita 23 da 15. Ta yawancin wayoyi kuwa 'yan milimita ce kawai. Da rana tsaka a waje ba lallai ka ga bambanci ba. Amma ranar kai amarya, bayan isha'i, an ɗauke wuta, ɗaki cike da mata, fitila ɗaya ce rak a kan durowa, nan ne waya za ta mayar da lallen amarya dishi-dishi, ta shafe zanen leshinta kamar an goge, babbar sansa kuma ta fito da su.

Sai maganar DSLR da marar madubi. DSLR tana da madubi a ciki wanda ke turo abin da gilashi ya gani zuwa idonka, in ka danna ya ɗaga, shi ne ƙarar nan da kake ji. Marar madubi ta cire shi, abin da sansa ke gani kake kallo a ɗan allo, don haka tun kafin ka danna ka san ko hoton ya yi duhu. Sony ta fito da A7 a 2013, Canon da Nikon suka biyo da nasu masu cikakkiyar sansa a 2018, kuma yanzu can sabbin kayansu suka karkata. Marar madubi ta fi sauƙin ɗauka, tana kama idon mutum ta bi shi ko yana tafiya, kuma a bidiyo ta yi wa DSLR nisa. Sai dai tana shan batir, kuma kuɗinta da na gilasanta ba wasa ba.

Ni dai ga shawarata: mai farawa da ƙaramin jari ya sayi DSLR ta hannu, ya ajiye rarar kuɗin don gilashi da fitila. Da yake manya suna sakin nasu su koma marar madubi, kayan DSLR masu kyau sun yi araha. Nikon D750 ta 2014 tana da cikakkiyar sansa da ramin katin memori biyu, kuma wannan rami na biyu yana da muhimmanci ƙwarai, domin ɗaurin aure ba a sake shi saboda katin mai hoto ya lalace. Canon 6D ma tana da kyau a duhu, amma raminta ɗaya ne. Idan kuɗinka bai kai nan ba, Nikon D3500 ba ta da laifi a hoto, batirinta kan kai hoto 1,500 a caji ɗaya, amma ba ta da inda za ka jona makirufo, don haka kada ka saye ta da niyyar bidiyon wa'azi ko hira. Canon 2000D kuma ka duba saman inda ake ɗora fitila, akwai waɗanda ba su da ƙarfen tsakiya, ba kowace fitila ce ke tashi a kansu ba.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa a duba maka sau nawa aka danna ta. Ƙyauren ƙananan kyamarori, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga duk sa'ar da aka danna, an ƙera shi ne ya yi wajen dannawa 100,000, na D750 kuma 150,000. Ka cire gilashin ka haska shi da tocila ka ga ko akwai fumfuna a ciki. Sannan ka nemi gilashi mai buɗewa sosai. Mai 50mm f/1.8 shi ne mafi arahar abin kirki da na sani, yana fito da fuska ya narkar da baya. In sansarka matsakaiciya ce zai matse ka a ɗakunanmu, gara 35mm.

Kuma in kana da ƙanwa ko mata mai sha'awa, koya mata. Wajen kamu da wunin biki gidaje da yawa ba sa son namiji ya shiga, mata masu hoto kuma sun yi kaɗan a garin nan.

TAMBAYA: Duk shekara ina zuwa Hawan Magajiya in ɗauki hoto, amma dawakan sai su fito can nesa ƙanana, in kuma na zuƙo su sai hoton ya watse. (Wata ɗaliba, Daura)

AMSA: 'Yata, matsala biyu ce ta haɗu miki. Zuƙowar da waya ke yi, in ba tana da gilashin nesa na daban ba, yanke hoton kawai take ta buɗa shi, shi ya sa yake watsewa. Hawa yana buƙatar gilashin da ke jawo nesa da gaske, irin 70 zuwa 300mm. Idan ba ki son wahalar canza gilasai, akwai kyamarori masu gilashi ɗaya manne a jiki mai dogon zuƙo, irin su Nikon P900 da Canon SX70. Sansarsu ƙarama ce, ba su da daɗin aiki da dare, amma hawa da rana ake yi, kuma babu ƙofar da ƙura za ta bi ta shiga cikinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya taɓa buɗe kyamara a filin hawa, ko a tsakiyar hunturu, ya san baƙaƙen ɗigon da ke biyo kowane hoto daga baya.

Ta biyu ita ce saurin ƙyaure. Dokin da ke sukuwa wajen jahi ba ya tsayawa a hoto sai ƙyaure ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, ko fiye. Ki juya maɓallin sama zuwa S a Nikon, ko Tv a Canon, ki sa 1/1000, ki bar wa kyamara sauran. Ki kunna dannawa a jere, ki sa rana a bayanki. Kuma kada ki ƙare da sukuwa kaɗai. Ki matso da gilashi kan amawalin rawani, da ɗinkin alkyabba, da hannun mai algaita, da yaron da ke riƙe da linzami yana zufa. A filin Kangiwa nan Katsina na fi samun hotunan da nake so kafin a fara, lokacin da ake gyara wa dawaki sirdi.

TAMBAYA: An sha yi mini ɗauke-ɗauke a shagon atamfa. Na sa kyamarar tsaro amma da na duba ba a gane fuskar kowa. (Wani ɗan kasuwa, Babbar Kasuwar Katsina)

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ban ga shagonka ba, amma abin da na fi gani shi ne a maƙala kyamara can ƙuryar silin, sai ta riƙa ɗaukar saman huluna da mayafai. Ka bar wannan ta kula da shagon gaba ɗaya, ka ƙara wata ƙasa-ƙasa, kaɗan sama da tsayin mutum, daidai inda ake tsayawa a yi ciniki. Kada ta fuskanci ƙofa kai tsaye in rana na shigowa ta nan, domin duk wanda ya shigo zai fito baƙi wuluk.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai masu haɗuwa da na'urar ajiye bidiyo mai suna DVR ta waya irin ta eriya, sun fi araha. Akwai masu NVR, waɗanda wayar intanet ɗaya ke kai musu wuta ta kuma kwaso hoto, sun fi fitar da hoto sarai. Ko wacce za ka saya, kada ta gaza megafiksel 2, kuma ta zama mai gani da dare. Ka tambayi mai haɗawa kwana nawa ma'ajiyar ke riƙewa kafin sabo ya hau kan tsoho, domin yadi biyar da ya ɓace ba lallai ka lura a ranar ba. Ka jona ta da inbata ko sola, in ba haka ba duk sa'ar da aka ɗauke wuta kyamara ta tafi hutu. Ka canza lambar sirrin da ta zo da ita, kai kaɗai ka san sabuwar. Ina kuma roƙonka, kada idonta ya leƙa inda yaranka ke canza kaya ko cikin shagon maƙwabci.

TAMBAYA: Ina son sayen ƙaramin jirgi mai kyamara don bidiyon ɗaurin aure. Akwai wata doka? (Wani mai bidiyo, Jibiya)

AMSA: Akwai, malam. A Nijeriya tashin jirgi marar matuƙi yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kai da kake bakin iyaka, da yanayin tsaron yankinmu, kada ka yi wasa da wannan. Ka nisanci filin jirgi na Umaru Musa 'Yar'aduwa da barikoki, kada kuma ka tashe shi a kan dawaki, ƙugin nan yana firgita su. DJI Mini, mai nauyin giram 249, ya wadatar da hoton taron jama'a daga sama. Batirinsa wajen rabin awa ne a rubuce, iska in ta taso bai kai haka ba, don haka ka sayi na canji guda biyu, ka kuma tabbatar da maganar izini kafin ka karɓi aikin kowa.