Gansakukar balan-balan da kuɗina da ya maƙale a Maitama

Ɗana, na ga hoton dutsen da ka aiko mini daga tankin kifin ruwan gishiri na gidan Gwarinpa, kana tambaya ko korayen ƙwallayen nan masu sheƙi ƙwan kifi ne, kuma ko za ka iya fasa su da yatsa ka huta. Shekara biyu kana bina gida-gida, bai kamata wannan tambaya ta fito daga bakinka ba. Zan amsa ne kawai domin hoton ya tuno mini da wani gida wanda har yau idan na bi ta layinsa sai na kau da kai.

Ba ƙwan komai ba ne. Gansakuka ce, masana suna kiranta Valonia, mu kuma a shago muna ce mata gansakukar balan-balan. Kowace ƙwallo da kake gani ƙwayar halitta guda ce tak, kuma idan aka ƙyale ta takan kai faɗin santimita 4. A jikin dutsen teku ko a gindin guntun murjani take shigowa tanki, sa'an nan ta ɓuya a lungun da ido ba ya kaiwa. Tana jure ƙarancin haske, saboda haka wanda ya ce maka ka kashe fitila kwana uku, murjanin kawai zai sa ka wahalar.

Wani Alhaji a Maitama ya taɓa ba ni aikin tanki mai cin lita 600 a falonsa. Wata biyu ina rainon duwatsun a shagona kafin in kai su, murjanin kuma ta Legas na ɗauko shi a jirgi, na saka masa injin sanyaya ruwa domin zafin Maris da Afrilu na Abuja ba ya barin tanki ya tsaya a digiri 25 ko 26. Ya biya kashi biyu cikin uku, ya ce ragowar sai bayan wata uku idan ya ga komai yana raye. Na amince da baki, ba takarda, domin ina ganin mutumin da ke da motoci biyar a harabar gida ba zai tsaya a kan hakkin mai wankin gilashi ba.

A wata na biyu ɗansa ya dawo daga Dubai da guntayen murjani guda uku, ya jefa su cikin tankin ba tare da an kira ni ba. Da na zo na ga ƙwallaye biyar a gindin ɗaya daga cikinsu, na cire, na ja kunnen yaron gidan da ke ba kifin abinci cewa idan ya ga wata ta fito kada ya taɓa. Ashe shi ya samu abin wasa. Kullum da yamma sai ya ɗauki tsinken sakace ya zura hannu yana ɓula su ɗaya bayan ɗaya, domin yana jin daɗin yadda suke fashewa, ruwan cikinsu kuma famfo ya kwashe shi ya zagaya da shi ko'ina. Lokacin hunturu ne, ruwa yana raguwa da sauri, shi kuma maimakon ya buɗe jarkar tataccen ruwan da na ajiye masa, sai ya riƙa cikawa da ruwan rijiyar burtsatse. Abincin kifi kuwa da cokali yake zubawa, wai suna ba shi tausayi. Da na dawo bayan mako biyar, duwatsun sun koma kamar an zazzage musu kwandon inabi, ƙwallayen sun toshe ragar famfo, sun hau gindin murjani suna ture shi daga mazauninsa.

A nan na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye maka ba. Gaggawar karɓar kuɗina ta sa na sayo korayen kaguwoyin nan na tekun Karibiyan har guda goma daga aljihuna na zuba. Sun ci ƙananan ƙwallaye, sun bar manyan, da yunwa ta kama su sai suka koma kan murjani mai laushi suna yagar namansa da dare. Alhaji ya kira ni gaban baƙinsa ya ce dutse mai cuta na sayar masa. Na nuna masa guntun da ɗansa ya kawo, har da tsinkayen sakacen da na tsinta a bayan tankin, ya ce shi bai san wannan zance ba. Na yi sintiri wata huɗu, ƙarshe mai gadi ya daina buɗe mini ƙofa. Jarkokina biyu da ma'aunin gishirina ma suna can.

To, ga abin da za ka yi a Gwarinpa. Dutsen da zai ɗagu, ka fito da shi ka sa a bokitin tsohon ruwan tankin, ka kama kowace ƙwallo a gindi ka murɗa a hankali har ta saki da saiwarta, ka goge wurin da buroshi, ka ɗauraye a bokiti na biyu kafin ka mayar. Wanda ba zai ɗagu ba, ka kashe famfo tukuna, ka ɗora bakin tiyo a kan ƙwallon yana zuƙar ruwa zuwa waje, sa'an nan ka ɓamɓare ta, domin ko ta fashe abin cikinta ya bi tiyo. Ka leƙa ƙarƙashin duwatsu da cikin akwatin malalar ruwa da tocila, can ne manyan suke zama. Za ka maimaita wannan kowane mako har sai ka daina ganin sabuwa, kuma na san nan ne matsalarku take, ku yaran yanzu, domin kuna son maganin da za a ɗiga sau ɗaya a ɗauki bidiyo a tafi.

Ka auna fosfet da naitiret, wato sinadaran da ragowar abinci da kashin kifi ke tarawa a ruwa, waɗanda gansakuka ke ci, kada fosfet ya wuce miligiram 0.1 a kowace lita. Yadda ake awo da canjin ruwa ba zan ɓata takarda a kansu ba. Sai dai ka sani rage su yana rage mata saurin yaɗuwa ne kawai, wadda ta riga ta kafu sai hannu ya cire ta. Kaguwa biyu ta isa wannan tanki, kuma ka riƙa jefa mata ɗan abinci idan ƙwallayen sun ragu. Kifin nan mai ruwan ɗorawa da doguwar fuska yana cin ta, amma yakan kai santimita 20, tankin Gwarinpa ya yi masa kaɗan, ga dafi a ƙayoyin bayansa wanda zai raba ka da barci idan ya soke ka.

Kafin ka taɓa ko dutse ɗaya, ka tambayi matar gidan wa ke ba kifin abinci, da wane ruwa ake cikawa, da kuma abin da aka saka a tankin bayan zuwanmu na ƙarshe. Ka rubuta amsar a littafin aiki ta sa hannu. Gobe ƙarfe takwas ka same ni a shago da bokiti biyu da sabon tiyo, wayarka kuma ta zauna a aljihu.