Anyi juye amma wutar nan ta ƙi mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Sienna gareni ta 2008, satin da ya wuce na kaita sabis akayi juye aka sa sabon filta, amma har yau wata wuta ruwan ɗorawa mai rubutun MAINT REQD tana nan a dashbod. Na koma wajen bakaniken yace wai ba komai in share kawai, ni kuma hankalina bai kwanta ba tunda da iyali nake doguwar tafiya a cikinta. Ko man da ya zuba ne mara kyau? Dan Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumussalam Malam. Kwantar da hankalinka, wannan wutar ba ta san wane irin mai aka zuba maka ba, ba ta ma san anyi juye ba sam. Lissafin tafiya kawai takeyi. Toyota sun saita ta ne duk mil 5,000, wajen kilomita 8,000 kenan, daga ranar da aka maida lissafin sifili, idan ka kai mil 4,500 zata fara ɗan ƙyaftawa in ka kunna mota sannan ta ɗauke, kana cika 5,000 sai wutar ta zauna a kunne ba ɗaukewa. To ko sau goma aka juye man in ba a gaya mata ba tana nan tana ƙirgenta. Bakanikenka yayi gaskiya da yace ba matsala bace, amma ya yi ragwanci, aikin minti ɗaya ne kuma cikin sabis ɗin yake.

Ga yadda zakayi da kanka. Murɗa ki zuwa ON amma kada ka tada injin, ka danna ɗan maɓallin nan dake jikin mita har sai ta nuna ODO, wato jimillar tafiyar motar gaba ɗaya. Kashe ki. Yanzu ka danne maɓallin da yatsa, kana riƙe dashi ka sake murɗa ki zuwa ON, kada ka saki, zakaga wasu ƴan layuka sun fito suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya har sifilai su jeru, a nan wutar zata mutu, sai ka saki. Bai wuce daƙiƙa 5 zuwa 10 ba. Inda mutane suke yawan kuskure guda biyu ne, ko su saki maɓallin da wuri dan gajen haƙuri, ko su bar mitar a inda ba daidai ba. Masu Sienna daga 2011 zuwa sama a TRIP A, wato ƙirgen tafiyar da ake iya maidawa sifili, ake barinta ba ODO ba, saboda haka in ɗaya bai yi ba gwada ɗayan, ba abinda zai lalace. Idan motar mai maɓallin tayarwa ce ba ki, danna shi sau biyu ba tare da ka taka birki ba shine ON ɗinka. Sabbin fitowa kuma daga jikin sitiyari ake shiga saitin allon a goge.

Af, kuma kada wani ya ce maka a cire kan batir, yawanci ba ya gogewa, sai dai ka tashi da agogo da rediyo duk sun rikice.

Tambaya: Malam ni Odyssey nake ja, wata alama kamar sifana ta fito da rubutu B1 da kuma 15%. Mijina yace yaga yadda ake gogewa, mu goge kawai tunda motar lafiyarta ƙalau. Ya kake gani?

Amsa: Hajiya gaida maigida, amma a nan ban goyi bayansa ba. Tsarin Honda ya ɗan fi na Toyota wayo, kwamfutar motar tana duba yadda injin yake aiki, zafinsa, yawan juyawarsa, gajerun tafiye-tafiyen da injin bai gama ɗumi ba aka kashe, daga nan take ƙiyasta saura nawa ƙarfin man ya rage. Daga 100% take saukowa, a 15% sifanar take fitowa, a 5% tana nufin yanzu-yanzu, 0% kuma an makara. Harafin B na nufin juye tare da filta da duba su birki da sauransu, lamba 1 kuma a sauya wa tayoyi waje. Da A ce juye ne kawai, 2 filtar iska, 3 man giya, 4 su fulogi. Kinga kenan motar magana take muku dalla-dalla, in kuka goge ba tare da anyi aikin ba ta koma 100% da tsohon mai a ciki, kun rufe bakin mai tuna muku ne kawai, man kuma yana can yana ƙara kauri da datti.

Bayan anyi juyen sai a sa ki a ON, a danna maɓallin mita har kason man ya fito, a riƙe kamar daƙiƙa 10 har ya fara ƙyaftawa, a saki a sake riƙewa kamar 5, zai koma 100%. Masu maɓallan sitiyari ta can ake bi. Ni dai shawarata a rubuta kwanan wata da lambar mita a ɗan littafi duk juye, saboda motar da ba ta yawan fita ma man yana tsufa, bai kamata ya haura shekara a ciki ba.

Tambaya: Grand Caravan ta 2012 fa, babu maɓallin da ya yi min aiki.

Amsa: Ita da ƙafa ake yi. Ki a ON injin a kashe, ka taka totur har ƙasa a hankali sau 3 cikin daƙiƙa 10, sai ka kashe ki. In ka tada ta rubutun tunin juyen ya sake fitowa to bai kama ba, maimaita. Motar Chrysler Town & Country ma haka.

Tambaya: Oga tawa wutar ja ce, hoton wata ƴar buta mai ɗigo a baki, in ina tsaye a danja take kamawa in na taka ta ɗauke. Ya ake goge ta?

Amsa: Kai ɗan'uwa, wannan ba a goge ta! Ba ƴar tuni bace, ƙarfin da man yake zagaya injin dashi ne ya yi ƙasa, ko man ya ragu sosai, ko famfon mai ya gaji, ko na'urar dake aunawa ce ta samu matsala. Samu gefe ka kashe motar, ka jira ƴan mintuna man ya kwanta ka zaro geji ka duba. In ya yi ƙasa ka ƙara ka kuma nemo inda yake zurarewa, in a cike yake kuma wutar na kamawa to kada ka sake tada ta, a jawo ta zuwa gareji a auna.