Amsa ga mai tambayar ko raha tana rage damuwa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce bashi da tsadar rayuwa sun hana ka barci, abokanka suna ta cewa ka riƙa fitowa majalisa ana hira ana dariya, kai kuma kana ganin hakan shiririta ce ga magidanci, har ka kawo hadisin da ya ce yawan dariya yana kashe zuciya. Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, amma zan faɗa maka abin da na sani.

Dariya ba ta biyan bashi, kada wani ya ruɗe ka. Abin da take yi shi ne ta sassauta maka jiki har kanka ya iya lissafi. Likitoci sun ce idan mutum yana cikin damuwa jikinsa yakan fitar da wani sinadari mai suna kotisol, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, wuya da kafaɗu su ɗaure. In ka yi dariyar da ta fito daga ciki, numfashi yakan yi zurfi, bugun ya ɗan hau sannan ya sauka, jiki ya saki.

Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 na gane haka da kyau. Ba tsabar kuɗi a hannun kowa, a tura maka ta banki ta maƙale, ga atamfa da shadda jibge, ga masu kaya suna ta kiran waya. Layinmu kowa fuska a murtuke. Akwai wani dattijo Bazazzagi da shagonsa ke kallon nawa. Kullum da safe kafin ya gama buɗe ƙofa sai ya ɗaga murya: "Bakano, jiya ma ka kwana kana ƙirga ribar da ba ka samu ba?" Ni kuma in ce masa, "Baba, ai da Zariya da daɗi da ba ka zo cin arziki garin iyayen gidanka ba." Sai layi ya kwashe da dariya, har yaran shago. Ciniki bai ƙaru da ko sisi ba, amma ranar da ya yi tafiya kowa sai ya ji wunin ya yi masa tsawo.

Ka lura, iyayenmu ba su bar wannan abu haka sakaka ba, tsara shi suka yi. Kanawa da Zagezagi abokan wasa ne, Fulani da Barebari haka, ga wasan taubasai, ga na kaka da jika inda tsohuwa za ta ce wa jaririn jikanta "mijina ya ƙi kawo cefane". Ko cikin azumi, da an kwana goma yara ke fitowa tashe da gemun auduga da tumbin tsumma, Nalako, sarkin gwagwaren Kano, kuma yana farautar gwagware. Mutanen da suka san yunwa da fari ne suka bar mana wannan, ba marasa aikin yi ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka kulle ɗaki kana kallon bidiyon barkwanci a waya har ƙarfe biyun dare, ka ce kana maganin damuwa. Wani masani ɗan Amurka, Robert Provine, ya gano cewa mutum yakan yi dariya kusan sau 30 a cikin mutane fiye da in yana shi kaɗai. Teburin mai shayi ya fi wayar nan amfani nesa ba kusa ba, ga shi ba ya cin data.

Batun hadisi kuwa, yawan dariya aka hana, ba dariyar ba. Annabi (SAW) yakan yi raha, sai dai ba ya faɗin ƙarya a cikinta. Ya yi tsere da Nana A'isha, ya zolayi yaron nan Abu Umair a kan ɗan tsuntsunsa, ya kuma ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne. Wadda za ka guje wa ita ce ta izgili, wadda Suratul Hujurat ta hana. In majalisarku ba ta da hira sai cin naman mutane da yi wa wani dariyar talaucinsa, to canza benci.

Sai kuma rashin barcin nan naka. In ya ɗauki makonni, abinci ya fita ranka, abin da da yake faranta maka rai ya daina, wannan ya wuce na majalisa. Ka je a auna maka jini tukuna, don hawan jini ba ya sallama. Akwai likitocin da wannan ne fanninsu a Asibitin Malam Aminu Kano da kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya taɓu. In sun ɗora ka a kan magani, ka sha yadda suka ce, kada ka ajiye shi don ka ɗan ji sauƙi.